Yaya mai fasaha zai tunkari zalunci ba tare da ya mai da wahalar mutane haja ba?

Tambaya: Ni mai zane ne, ina kuma ɗaukar hoto. Ina so aikina ya tunkari zalunci da wahalar da mutane ke sha, kada ya tsaya a ado kawai. Amma abu biyu ke ba ni tsoro: in zama mai hayaniyar da ba ta canza komai, ko in zama mai ci da hawayen wasu. Ta ina ake farawa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Amsa: Malam, tsoron nan naka guda biyu yana kan hanya, kuma maganinsu kusan ɗaya ne. Gwaninta a zane ko waƙa ba ta ba mutum ikon a saurare shi a kan zalunci. Abin da ke ba shi wannan iko shi ne ya san lamarin dalla-dalla kamar mai ba da shaida a kotu, sannan ya yarda waɗanda abin ya shafa su tuhume shi idan ya kauce.

A duba inda al'adar ta samo ƙarfinta. Ranar 13 ga Janairu 1898 marubucin Faransa Émile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasa a jaridar L'Aurore, a kan Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka ɗaure bisa ƙagen cin amanar ƙasa. Mutane sukan tuna zafin wasiƙar, su manta da yadda aka gina ta. Zola ya kira hafsoshi da sunayensu, ya faɗi laifin kowanne, har ya ambaci sassan dokar aikin jarida da za a iya kai shi ƙara da su. Da gangan ya yi, don a ja shi kotu a tone hujjoji a gaban jama'a. An yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar faran 3,000, ya tsere Ingila, ya rasu a 1902, ba a wanke Dreyfus gaba ɗaya ba sai 1906. Ya zaɓi shari'a guda, ya san takardunta, ya san abin da zai biya.

Matakin farko ke nan: ƙuntata batun. "Talauci", "yaƙi" da "cin hanci" sun yi faɗi, ba wanda zai ji an taɓa shi. Ka rubuta jimla ɗaya da ke amsa tambaya huɗu: wa aka zalunta, me aka yi masa, wa ke da hannu, wa ke da ikon gyarawa. Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, lokacin ɗaukar alƙalami bai yi ba, lokacin bincike ne.

Binciken kuwa shi ke cin mafi yawan lokaci, kuma nan ne masu fasaha suka fi gajen haƙuri. Lewis Hine, wanda ya fara ɗaukar hotunan yara 'yan ƙwadago a masana'antun Amurka ga wani kwamitin yaƙi da bautar da yara a 1908, bai dogara da hoto kaɗai ba. Yakan shiga masana'anta da sunan mai duba kayan kashe gobara ko ɗan talla, ya auna tsawon yaro da maɓallan rigarsa, ya rubuta bayani da hannunsa a cikin aljihu: suna, shekaru, awowin aiki, sunan masana'anta. Ya san za a ce hotunan haɗi ne, shi ya sa ya toshe ƙofar musu tun kafin a buɗe ta. Duk da haka dokar taƙaita sa yara ƙwadago da aka yi a 1916 Kotun Ƙoli ta soke ta a 1918, sai a 1938 aka samu wadda ta zauna. Shekara 30 ke nan daga farkon aikinsa. Wanda ke jiran baje koli ɗaya ya juya gwamnati zai karaya da wuri.

Misalin da ya fi nuna tsarin aikin shi ne na mai fasaha Ai Weiwei a Sin. Girgizar ƙasar Sichuan ta 12 ga Mayu 2008 ta rushe makarantu da yawa da aka gina da rashin inganci, hukuma kuma ta ƙi fitar da sunayen ɗaliban da suka mutu. Ai Weiwei bai fara da sassaƙa ba. Ya tara 'yan sa kai suka bi gida-gida suna rubuta sunan yaro, ranar haihuwa da makarantarsa, har suka haura suna 5,000. A watan Mayu 2009 hukuma ta fitar da adadi, 5,335, amma ba sunaye. Sai bayan jerin ya samu aikin fasahar ya fito: jakunkunan makaranta 9,000 a jikin bangon wani gidan baje koli a Munich, an jera su suka rubuta maganar wata uwa cewa 'yarta ta yi shekara 7 a duniya cikin farin ciki. Da babu jerin sunayen a bayansu, jakunkunan nan ado ne kawai.

Ga yadda ake tara irin wannan hujja. Kowace magana da za ta shiga aikin ta samu majiya biyu da ba su jiyo daga juna ba. A buɗe rajista guda: abin da aka ce, wa ya faɗa, yaushe, a ina, wace takarda ko hoto ke goya masa baya. A ware abin da shaida ya gani da idonsa daga abin da aka ba shi labari, domin gani ya kori ji, kuma lauyan wanda ake zargi a wannan tsagar yake sa wuƙa. A adana asalin hoto da murya yadda suka fito daga na'ura, gyara a yi shi a kan kwafi. Kuskure ɗaya a suna ko kwanan wata ya isa a yi watsi da shaida ɗari masu inganci, kuma mutanen da suka amince suka yi magana su ne za a kira maƙaryata, ba mai zanen kaɗai ba.

Yawancin abin da ake buƙata ba a ɓoye yake ba. A 1971 Hans Haacke ya haɗa aiki a kan gine-gine 142 na wani rukunin masu gidajen haya a unguwannin talakawa na New York. Hoton kowane gini ne, da bayanin mai shi da cinikin da aka yi a kansa, duk daga rajistar gwamnati da kowa ke iya dubawa. Gidan tarihi na Guggenheim ya soke baje kolin kafin buɗewa, aka kori jami'in da ya shirya shi. Rajistar filaye, kasafin kuɗi, hukuncin kotu da takardun kwangila sun fi zagi tayar da hankalin mai laifi.

Yanzu tsoronka na biyu, wanda ya fi nauyi. Sanannen hoton da Dorothea Lange ta ɗauka a 1936, na wata uwa da 'ya'yanta a sansanin 'yan ci-rani a Kalifoniya, ya sa gwamnati ta aika agaji sansanin. Amma Lange ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 aka san ita ce Florence Owens Thompson, ta kuma nuna ɓacin ranta cewa fuskarta ta zagaye duniya ba ta samu komai ba. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne hoton Soweto a Afirka ta Kudu na 16 ga Yuni 1976, inda Sam Nzima ya ɗauki wani matashi, Mbuyisa Makhubo, yana gudu ɗauke da wani yaro ɗalibi, Hector Pieterson, da 'yan sanda suka harba. Hoton ya fallasa mulkin wariyar launin fata a idon duniya, ba mai musun amfaninsa. Amma 'yan sanda sun matsa wa Makhubo har ya bar ƙasar, iyalinsa ba su sake ganinsa ba. Nzima kansa ya bar aikin jarida, bai kuma mallaki haƙƙin hotonsa ba sai bayan fiye da shekara 20. Hoto yakan yi aikin alheri a duniya ya kuma rushe gidan wanda ke cikinsa, duka a lokaci guda.

Saboda haka neman izini ba sa hannu a takarda ba ne kawai. A faɗa wa mutum, da harshen da ya fi ji, inda aikin zai je: bango ɗaya ne, littafi ne, ko intanet inda ba a iya janye shi har abada. A faɗa masa wanda zai iya gani, har da wanda ya zalunce shi. A ba shi zaɓi uku: sunansa da fuskarsa, labarinsa ba suna, ko a bar shi gaba ɗaya. A nuna masa aikin kafin ya fita, a sa ranar da zai iya janyewa kafin ta, a rubuta ranar. Idan yaro ne, ana buƙatar yardar waliyyinsa da tasa, kuma ƙin yaron ya rinjayi yardar babba. Wanda ke cikin yunwa, ko a tsare, ko yana jiran taimako daga hannun wanda ya kawo ka, "to" ɗinsa ba yarda ba ce cikakkiya. A koma a sake tambaya bayan ya samu sarari. Wajen hira kuma, kada a sa mutum ya maimaita mafi munin abin da ya same shi don murya ba ta fito da kyau ba. A bar shi ya tsaya inda ya ga dama, kada zama ya wuce awa ɗaya sai in shi ya nema, kuma kafin a fara a san inda za a tura shi idan tsohon ciwo ya taso.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a rubuce. Duk wanda ya ba da lokacinsa, ya yi tafinta, ya yi jagora ko ya sa hannu a aikin, a biya shi kamar ma'aikaci, a sa sunansa idan yana so. Idan aikin zai sayu, a yanke kason da zai koma ga mutanen da hanyar da zai bi kafin a san nawa zai kawo. Bayan kuɗi sun shigo, rabo yakan zama rigima. Abu ɗaya da ba a saya shi ne shaida: in ka biya mutum don ya ba da labari, ka ba abokin hamayya hujjar cewa sayen labarin ka yi.

Sai tambayar da ke raba kan masana: a nuna raunin ko a rufe shi? Ba amsa ɗaya, amma akwai ma'auni, wato wa ya yanke shawarar. A 1955, da aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a Mississippi, mahaifiyarsa ce ta dage a bar akwatin gawarsa a buɗe, ta yarda mujallar Jet ta buga hoton. Nata ne, ita ta zaɓa, ya kuma girgiza Amurka. A 2017 wata mai zane farar fata ta zana wannan fuskar a wani babban baje koli a New York, sai aka yi ta zanga-zanga a gaban zanen. Fuska ɗaya ce, amma hannun da ya buɗe ta ya bambanta. Alfredo Jaar, ɗan ƙasar Chile, ya je Ruwanda a 1994 bayan kisan ƙare dangi, ya ɗauki dubban hotuna, sannan ya rufe wasu cikin baƙaƙen akwatuna, ya rubuta bayanin abin da ke ciki a saman kowanne. Ya lura ido ya riga ya saba da gawawwaki a jarida, ganin wata ba ya ƙara komai. Ra'ayinmu a nan a fili yake: idan iyalan ba su nemi a nuna ba, a rufe. Suna, takalmi, kujerar da ba kowa a kanta sukan daɗe a zuciya fiye da jini, kuma ba sa tozarta mamaci karo na biyu.

Kada kuma a ɗauka waɗanda aka zalunta bakinsu ɗaya. Gunter Demnig na Jamus yana kafa ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla, santimita 10 a kan 10, a ƙofar gidan da kowane mutum ya zauna kafin 'yan Nazi su kwashe shi, da sunansa da shekarar haihuwa da makomarsa. Sun haura 100,000 a 2023. Iyalai da yawa sun yi maraba, amma a Munich majalisar birni ta hana kafa su a filin gwamnati tun 2004, domin wasu shugabannin Yahudawan birnin sun ce ba za a riƙa taka sunayen matattunsu da ƙafa ba. Dukansu masu ɗaki ne, kowa ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai fasaha shi ne ya nemi masu adawar tun kafin ya fara, ya ji su, kada ya tsaya ga waɗanda suka fara ce masa madalla.

Hanya mafi tsabta ita ce mutanen su zama masu yin aikin. A Kolombiya, bayan yarjejeniyar zaman lafiya, Doris Salcedo ta narkar da tan 37 na makaman 'yan tawayen FARC aka yi daɓen wani ɗakin tunawa a Bogota a 2018, kuma matan da aka ci zarafinsu a yaƙin su suka buga ƙarafan da aka zuba narkakken a kansu da guduma. Augusto Boal na Brazil ya tsara dabara a wasan kwaikwayo da kowa zai iya koya: a yi gajeren wasa da ke ƙarewa da zalunci ya yi nasara, a sake shi daga farko, duk mai kallon da ya ga mafita ya tsayar da wasan, ya hau dandali ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada dabararsa, sauran 'yan wasa kuma su ƙi sauƙaƙa masa. Akwai mai jagora da ke tambayar jama'a ko mafitar za ta yiwu a zahiri. Inda dabarar ke lalacewa shi ne a bar mai kallo ya maye gurbin azzalumin ya mai da shi mutumin kirki, domin a rayuwa ba haka ake samun sauƙi ba. Boal ya zama kansila a Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, kuma dokoki 13 suka fito daga shawarwarin irin waɗannan wasanni.

Game da tsoron hayaniyar banza, maganinsa shi ne buƙata ƙarama da za a iya cewa an biya ta ko ba a biya ba. Nan Goldin, mai ɗaukar hoto, ta kafa ƙungiya a 2017 a kan annobar magungunan kashe zafi masu kama jiki a Amurka. Ba ta ce a kawo ƙarshen shaye-shaye ba. Ta ce gidajen tarihi su daina karɓar kuɗin iyalan Sackler, waɗanda a lokacin su ne masu kamfanin da ke yin maganin OxyContin, su kuma cire sunansu daga bango. Ta buga a inda take da ƙarfi, domin gidajen suna son ayyukanta. A watan Maris 2019 gidan hotuna na ƙasa a Landan ya fasa karɓar kyautar fam miliyan ɗaya, a watan Disamba 2021 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya cire sunan. Ka tambayi kanka: wace ƙofa ce sunana ke buɗewa wadda ba ta buɗuwa ga waɗanda abin ya shafa?

Wurin nunawa da harshe su ma hukunci ne. A 1977 Ngugi wa Thiong'o ya yi wasan kwaikwayo da manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu a Kenya, da harshen Kikuyu, a dandalin da suka gina da hannunsu. Ya daɗe yana sukar gwamnati da Ingilishi ba a kama shi ba. Wannan karon aka hana wasan, aka tsare shi kusan shekara ɗaya ba shari'a, a 1982 aka rushe dandalin. Aikin da aka nuna wa baƙi a nesa yakan kawo lambar yabo. Wanda mutanen da ke cikinsa suka gani da harshensu shi ne mai motsa ƙasa. A fara nunawa a inda aka ɗauko labarin.

Wannan ya kawo mu ga haɗari, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ai Weiwei ya sha duka a hannun 'yan sanda a Chengdu a 2009 har aka yi masa tiyata a kai, a 2011 aka tsare shi kwana 81. Amma Tan Zuoren, wanda ya yi irin wannan bincike ba tare da sunan da duniya ta sani ba, shekara 5 aka ɗaure shi. Shahara garkuwa ce da ba ta rufe direba, tafinta da shaidu. Don haka a lissafa haɗarin kowa ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda ya fi rauni. A goge bayanan da waya ke liƙa wa hoto, domin suna nuna wuri da lokaci. Rufe fuska kaɗai ba ya isa: tabo, zanen tufa, allon kan titi, siffar gini da murya duk suna tona mutum. Jerin sunayen gaskiya a ajiye shi daban da hotuna, a kulle da kalmar sirri. A yi kwafi uku na komai, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a hannun amintacce a wani wuri. Kafin a ambaci sunan kowa da laifi, lauya ya karanta, domin dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a rubuta wa wanda ake zargi a ba shi wa'adin amsawa, a ajiye shaidar an tambaye shi. A san yadda ake samun ƙungiyoyi irin su PEN International, ƙungiyar marubuta ta duniya, da ICORN, mai samar wa marubuta da masu fasaha mafaka a birane, tun kafin buƙatarsu ta taso. Shi kansa mai aikin jiki magayi: kallon hotunan ta'asa awa da awa yana hana barci, yana kashe tausayi. A ƙayyade lokacin, a kashe sauti idan ba a buƙatarsa, kada a yi shi da dare ko a kaɗaice.

Akwai tuntuɓen da ke zuwa bayan nasara. Da zarar an fara sauraron mutum a kan abin da ya sani, sai a riƙa miƙa masa makirufo a kan abin da bai sani ba, shi kuma ya ji nauyin cewa bai bincika ba. Ai Weiwei kansa ya sha suka mai zafi a 2016 da ya kwanta a bakin teku yana kwaikwayon gawar yaron nan ɗan gudun hijirar Siriya, Alan Kurdi. A Sichuan ya tara sunayen wasu, a nan kuwa jikinsa ya sa a gurbin mamaci. Kuma baiwa ba ta ba da tabbacin mutum yana gefen gaskiya. A 2008 kotun duniya kan Ruwanda ta ɗaure mawaƙi Simon Bikindi shekara 15 saboda kiran da ya yi da lasifika a 1994 na a kashe 'yan Tutsi. Shi ma yana ganin kansa mai kare jama'arsa ne. Gwajin da ya kamata ka yi wa kowane aiki kafin ya fita shi ne: yana nuna wani aiki da wanda ya aikata shi, ko yana shafa wa ƙabila ko addini gaba ɗaya baƙin fenti? In na biyun ne, a ajiye shi komai kyansa.

A cikin kasafin aikin, ware kuɗi da lokaci na bayan rufe baje koli, aƙalla shekara ɗaya: komawa wurin mutanen a gaya musu inda aikin ya je da abin da ya biyo baya, ba su kwafin hotunansu da muryoyinsu, miƙa rajistar hujjoji ga lauyoyi ko ƙungiyar da ke bin shari'ar idan shaidun sun yarda, da barin lambar da za su same ka idan wani ya fara yi musu barazana saboda abin da suka faɗa.